Shagon Tura Waƙoƙi a Kasuwar Mai Wurno

A kasuwar Mai Wurno, garin da Hausawa da Fulani suka kafa a bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, akwai wani ƙaramin shagon waya da ya ƙware wajen haɗa waƙoƙi. Mutum yakan kawo abin da ya ɗauka da wayarsa a wurin biki, mai shagon ya rage hayaniyar a kwamfuta, ya jera kiɗan kalangu da na dalluka (gangar Sudan) yadda ɗaya zai shiga cikin ɗaya ba tare da kunne ya ji tsalle ba, sannan ya zuba a memori.

A nan gwanintarsa take, domin ya san waƙar da ta dace da dattawa da wadda 'yan mata suke so ranar lalle. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 intanet ba ta da tabbas, saboda haka yawanci ta Bluetooth haɗin yake yawo, har ya kai ga fasinjojin motar birnin Sinnar da ba su san mai shi ba.

Aibinsa shi ne ba ya rubuta sunayen mawaƙa, kuma idan an ɗauke wuta sai a jira gobe. Farashinsa dai ba laifi.