Wasiƙa daga Niyok: kasuwar hannun jari ba ta san ranar Sallah ba

Yaya, gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka kan cewa ka sa odar sayen hannun jarin Amurka ta manhajar nan tun da safe, har azahar shiru. Kwantar da hankalinka, ba cuta ba ce. Lokacin da kake karyawa a Kano mu nan ko asuba ba ta yi ba.

Manyan kasuwannin biyu, NYSE da Nasdaq, suna buɗewa ƙarfe 9:30 na safe su tashi ƙarfe 4:00 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, babu hutun cin abinci. A agogonku, daga 2:30 na rana ke nan zuwa 9:00 na dare. Sai dai mutanen nan suna taɓa agogonsu sau biyu a shekara: a Lahadin farko ta Nuwamba su mayar da shi baya da awa ɗaya, a Lahadi ta biyu ta Maris su dawo da shi. Don haka da sanyi, sai 3:30 za ka ga an buɗe, a rufe 10:00 na dare. Lokacin da na baro gida, kasuwar hannun jari ta Legas tana tashi ne 2:30, wato daidai sa'ar da ta nan ke buga ƙararrawar buɗewa. Akwai cinikin kafin buɗewa da na bayan rufewa, amma ban ba ka shawara ba. Masu saye kaɗan ne, farashi sai tsalle yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne hutu. Kwana 10 ne a shekara, kuma tun shekaru kafin lokacin ake fitar da jadawalin, kowa ya gani. Ka tuna yadda muke zaman jiran sanarwar Sarkin Musulmi kan ganin wata, sannan ma'aikatar cikin gida ta ayyana ranakun hutu ana saura kwana biyu ko uku? Nan ba haka. Mai son sayar da jari don biyan kuɗin makaranta ya san ranar da zai samu ƙofa a kulle tun bara. Akwai ranar Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a Janairu, 4 ga Yuli ta samun 'yanci, Kirsimeti, da Alhamis ta huɗu a Nuwamba da suke bikin godiya suna cin talotalo. Washegarinta ƙarfe 1:00 ake tashi. A 2022 suka ƙara 19 ga Yuni, ranar tunawa da 'yanta bayi. Wani abin mamaki, hutun gwamnati daban, na kasuwa daban. Ranar tsofaffin sojoji, 11 ga Nuwamba, bankuna a rufe suke amma ana cinikin jari. Juma'ar Ista kuwa ba hutun gwamnatin tarayya ba ce, amma kasuwa ba ta ci.

Sai dai fa tsarin nasu bai san da mu ba. Ranar Sallah ina dawowa daga Idi da babbar riga, waya na ta ƙara, farashi na hawa da sauka kamar kowace Talata. Ranar Juma'a ma liman na huɗuba ana ciniki. A nan na ji kewar gida, na kuma gane dalilin da ya sa Saudiyya ke cin tata kasuwar daga Lahadi zuwa Alhamis.

Su ma ƙaddara kan rutsa da su. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sai ranar 17 aka sake buɗewa. Guguwar Sandy ta rufe ta kwana biyu a 2012, haka kuma aka rufe ranar 9 ga Janairu 2025 don makokin tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter.

Idan ka sayar, tun Mayun 2024 washegarin ranar aiki ake kammala cinikin, ba kwana biyu da aka saba a da ba. Amma ka lura, ranar aiki na ce. Ka sayar Juma'a, Litinin ta faɗo hutu, sai Talata. Kada ka yi wa mai raguna alkawari da kuɗin da ke hanya.

Ka gaida Inna, ka ce mata man zafin yana hannun mai tahowa.