Gidan abincin ƴan Meziko a bayan wani kanti, gabashin Harlem

Damagarawan da ke zuwa New York galibi ba sa wuce yammacin titi na 116 a Harlem, inda ƴan Senegal suka kafa sansani: ga masallacin Malcolm Shabazz, ga kasuwa, ga shinkafa da kifi irin ta Dakar. Amma in ka miƙe gabas har ka tsallake titin Lexington, sai Wolof ya ɗauke, Sifaniyanci ya karɓe. Unguwar ƴan Puerto Rico ce tun da, daga baya ƴan Meziko suka cika ta, da yawansu mutanen jihar Puebla.

Gidan da nake magana yana wani lungu da ya ɓalle daga babban titin. Daga waje kanti ne kawai, ana sayar da wake da busasshen barkono da katin waya. Ƙanshin masara a kan wuta ne ya tsayar da ni da ƙanena. Ka ratsa tsakanin kaya, sai ga tebura ƙalilan a baya, da wata dattijuwa tana lailaya ƙulli a gaban faffaɗan kaskon ƙarfe.

Wannan ƙullin shi ne darajar gidan. Suna dafa masara da farar ƙasa, ta kwana a ruwan, su wanke su niƙa, sannan a faɗaɗa a gasa. Shi ne tortiya. Dabara ce tsohuwa a wurinsu, don a ƙasarsu aka fara noma masara, shekaru wajen 9,000 da suka wuce. Wadda ta sauko daga kasko da zafinta tana da laushi da ɗan ƙauri mai daɗi. Ta leda da ake sayarwa a manyan kantuna ko kusa ba ta kama ƙafarta ba.

Sai dai Musulmi ya shiga da bakinsa a buɗe. Naman da ke juyawa a tsaye a jikin ƙarfe, wanda kowa zai ɗauka shawarma ce, alade ne. Daga ƴan Labanan da suka je Puebla suka koyi gashin, suka sauya rago da alade. Wannan ma da sauƙi, ana ganinsa. Wanda ke ɓoye shi ne kitsen alade a cikin dakakken wake da ƙullin da ake naɗewa a ɓawon masara. Ƙanena, da ya ɗan tsinci yarensu a wurin aiki, ya ce, "Yaya, ka bari in tambaya tukuna." Dattijuwar ba ta yi ƙumbiya-ƙumbiya ba: ta nuna tukunyar da za mu ƙyale, ta nuna ta baƙin wake da aka dafa da albasa kawai. Wannan gaskiyar ta sa na saki jiki.

Tortiya da soyayyen kifi muka ci, da kabeji da lemon tsami, sai baƙin waken nan da dakakkiyar fiya. Kifin ya yi, ba mai da yawa. Miyar yajinsu kala biyu ce. Koriyar tana da tsami da sanyi-sanyi. Jar kuwa ta busasshen barkono ce da aka babbaka, kuma ni da na tashi da yajin tsiren Kasuwar Dole ta Damagaram sai da na share hawaye. Sun ba mu ɗanɗanon wata baƙar miya da ake sa cakulan a cikinta. Ƴan Puebla na alfahari da ita, ni dai zaƙi a miya bai shige ni ba.

Abin sha kuwa zoɓo ne, namu sak, sai dai babu citta babu kanumfari, kuma akwai ruwan tsamiya mai sanyi.

Wurin matsattse ne, hayaƙin kasko yana kama riga, kuma da tsakar ranar Lahadi iyalai ke cika shi, sai ka jira a tsaye. Kuɗin hannu suke karɓa. Mu biyu mun ƙoshi a kan ƙasa da dalar Amurka 30, ban da ɗan alherin ma'aikata da al'adar can ta wajabta. Wanda ke Bronx ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 6, ya sauka a tashar titi na 116, ya je ranar aiki bayan azahar, lokacin da dattijuwar ke da sukunin amsa tambaya.