Kilinik ɗin yara masu shan maganin HIV: yabo da ɗan ƙorafi

Ni kam wajen nan na ba su huɗu cikin biyar. Ɗan yayata marayan da nake riƙo, shekararsa 14, gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar ta haura 1,000 a kowane mililita na jini, wanda a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya alama ce magani bai aiki yadda ya kamata. Na zata faɗa za su rufe mu da shi, wallahi sai nas ɗin ta zaunar da yaron shi kaɗai tana lallaɓa shi har ya faɗa mata ashe a makarantar kwana ɓoye kwalbar maganin yake don kar abokai su gani, wani lokaci ya kwana biyu bai sha ba. Ba su yi saurin canza mai magani ba, sai da aka yi wata uku ana zaman nasiha sannan aka sake gwaji, alhamdulillahi ƙwayar cutar ta sauka sosai.

Sun kuma sa shi a kulob ɗin OTZ, wato ƙungiyar ƙarfafa gwiwar samari da 'yan mata masu shan maganin HIV, yanzu shi ke tuna min ranar zuwa. Ƙananan yara kuma maganin HIV mai suna dolutegravir ake ba su mai narkewa a ruwa, uwaye sun huta da sirop mai ɗacin tsiya da ake ba yara a da. Magani kyauta ne.

Inda suka gaza: layi! Ka zo da sassafe ka tafi bayan azahar, sakamakon gwaji kuma ya yi makonni bai dawo ba. Don Allah a ware wa 'yan makaranta Asabar.