Taura biyu a zango guda: Analiz da Aljebra daga Tawa

Ran da na gaya wa wani tsohon malami da muke koyarwa tare cewa na yi rajistar darussan lissafi biyu na jami'a a lokaci guda, Analiz 1 da Aljebra 1, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Mushe, taura biyu fa ba ta taunuwa." Dariya na yi. Shekara tara ina koyar da lissafi a kwaleji nan Tawa, ga Bak D, takardar gama sakandare a fannin kimiyya, a hannu, ban ga abin da darussan shekarar farko ta jami'a za su yi mini ba.

Karatun na lisans ne a lissafi, daga nesa, bisa tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da jami'o'inmu ke bi: shekara uku, zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Ma'aikaci irina an yarje masa ya ɗauki kaɗan-kaɗan. Komai yana kan Moodle, shafin karatu na intanet: darasi a PDF, gajerun bidiyo, aikin gida duk sati biyu, sai haɗuwa kai tsaye da malami ran Asabar da yamma. Jarrabawar ƙarshe kuwa dole mutum ya je Yamai da ƙafarsa.

Abin kunyar shi ne, ni mai koyar da lissafi ban yi lissafin da ya fi kowane sauƙi ba. Kowane darasi kiredi 6 ne, kuma takardar da suka turo ta faɗa ƙarara cewa kiredi ɗaya aikin awa 25 ne. Darussa biyu ke nan awa 300. Raba su cikin sati 14, ka samu sama da awa 21 a sati, wato awa uku kullum, har Juma'a, har Lahadi ranar kasuwa. Abin da nake da shi a zahiri awa biyu ne bayan lisha idan yara sun kwanta, da ɗan abin da na sata bayan asuba. Abin da ya ƙara ruɗa ni, a 2024 an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya. Satuttuka biyun farko ba ni da aji, ina zaune gindin bedi da kaye tun safe, har ina cewa ashe abin ba wuya. Da aka buɗe makarantu, azuzuwa huɗu suka faɗo mini da takardun gyara, sai na san inda dare ya yi mini.

Aljebra 1 ba abin da nake zato ba ne. Na ɗauka neman x za a ci gaba da yi, tunda sunan ma daga "al-jabr" na Al-Khawarizmi ya fito, malamin Bagadaza na ƙarni na 9. Ina! Sati uku ana koyon yadda ake magana: "ga kowane", "akwai", "idan kaza to kaza", yadda ake ƙaryata jimla, yadda ake kafa hujja ta hanyar ɗaukar akasin abu har ya kai ka ga abin da ba ya yiwuwa. A nan na fara rubuta da hannuna dalilin da ya sa √2 ba zai taɓa zama kason lambobi biyu cikakku ba, abin da na shekara tara ina faɗa wa yara ba tare da wani ya tambaye ni don me ba. Wannan darasin an rubuta shi da kyau, misalai da yawa, kuma kowane babi da atisaye masu cikakkiyar amsa.

Matsalar tana Analiz, kuma rabinta laifin masu tsara karatun ne. Tun sati na biyu darasin ya shiga ma'anar iyakar jerin lambobi, wato lambar da jerin ke ta matsowa kusa da ita, da alamar epsilon mai nufin 'yar ƙaramar tazara, alhali yaren da aka rubuta ma'anar da shi sai sati na uku Aljebra ke gama koyar da shi. Darussa biyun suna buƙatar juna, amma ba wanda ya zauna ya jera su. Aikin gidana na farko ya dawo da 06 bisa 20, da jan rubutu a gefe cewa na juya tsarin "ga kowane" da "akwai". Kwana uku ina kallon layin ban ga bambanci ba. Uwargida ce ta warware mini ba da saninta ba. Tana jera ƙorai a tsakar gida, ina gunaguni, ta ce, "Malam, kowace ƙwarya ai da abokiyar burminta." Na tsaya. Kowace ƙwarya akwai wadda ta dace da ita, wannan gaskiya ne. Akwai ƙwarya ɗaya da ta dace da kowace ƙwarya, wannan ƙarya ce. Kalmomin ɗaya ne, jerinsu ne ya sauya. Haka ma'anar take: kai ka fara ba ni tazara komai ƙanƙantarta, sannan ni in nemo maka matsayin da daga shi duk lambobin jerin suka shige cikin tazarar. A jerin 1/n, wato 1, 1/2, 1/3 har gaba, mai matsowa kusa da sifili, in ka ce 0,01, in ce maka wuce 100. In ka ce 0,001, in ce wuce 1000. Ni kuwa a takardata na zaɓi matsayi ɗaya tun kafin a ba ni tazarar. Daga baya na ɗan samu sanyi da na karanta cewa Newton da Leibniz sun yi aiki da wannan lissafi tun ƙarshen ƙarni na 17, amma sai a ƙarni na 19, zamanin Cauchy da Weierstrass, aka daidaita ma'anar. Mu sati ɗaya aka ba mu.

Haɗuwar Asabar, wadda ita ce ya kamata ta cike wannan giɓi, ba ta yi mini amfani sosai ba. Rezo ya yanke, murya ta kakkarye, malami yana rubutu a allon da ba a gani, forfe yana ƙonewa. Cikin goma sha huɗu, biyar na bi daga farko har ƙarshe. Ana ajiye bidiyon, amma kowane ɗaya nauyi gare shi, sai tsakar dare nake iya saukewa. Tambaya a dandalin darasi kan yi kwana huɗu ko biyar ba amsa. Malamin Aljebra dai yana ƙoƙari, shi da kansa yake gyara aiki layi-layi. Na Analiz maki yake sawa da kalma biyu ko uku, sai ka yi ta duba da kanka.

Abin da ya riƙe ni abubuwa ne da ba sa cikin kuɗin da na biya. Na kai PDF ɗin duka wurin mai fotokopi, dala biyar shafi, aka ɗinke mini su littafi biyu, don in an ɗauke wuta fitilar caji ta ishe ni, kuma lissafi a fuskar waya ciwon ido ne kawai. Na sa GeoGebra, manhajar zanen lissafi, kyauta ce, ina zana duk abin da ban gane ba kafin in taɓa hujja. Sai rukuninmu na WhatsApp, mu bakwai, daga Maradi, Damagaram, Agadas da Yamai, yawancinmu malaman makaranta. Mutum ya ɗauki hoton kayensa ya tura, kafin safiya wani ya zagaye masa inda ya kauce. Wata malama daga Maradi ita ta koya mini hujjar bi-da-bi, wadda ake nuna abu ya tabbata a matakin farko sannan kowane mataki yana miƙa wa na gaba, da saƙon murya na minti shida, jaririnta yana kuka a baya.

Ayyukan gida biyun rana ɗaya ake rufe karɓarsu, Lahadi da sha biyun dare. Wannan ma da sun so da sun raba, sati wannan Analiz, sati mai zuwa Aljebra. Abin da ya faru shi ne kullum ɗaya na cin ɗaya, kuma wanda na fi jin daɗinsa shi ke ci. Zuwa Disamba na bar Analiz baya da babi biyu, ina gaya wa kaina zan cim masa a hutun ƙarshen shekara. Hutun ya tafi a biki da gaisuwar rasuwa a Illela.

Jarrabawa ta zo farkon Fabrairu, Aljebra da safe, Analiz da yamma, rana ɗaya. Na hau bas tun asuba, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, kusan kilomita 550, na sauka wurin yayana a Bukoki da ƙurar hunturu har cikin kunne. Ya dube ni da littattafaina biyu ya ce, "Kai da ka gama lakol, me kuma ya mai da kai?" Na ce, "Yaya, bari dai in fito gobe." Aljebra na samu 13. Analiz 08,5, don tambaya mafi maki ta fito daga babin da na tsallake, ka'idar da ke cewa layin da bai yanke ba, in ya tashi daga ƙasan sifili ya kai samansa, dole ya taka sifili a hanya. Na san abin da take faɗa, ban iya amfani da ita a rubuce ba. Sai da na sake wata tafiyar Yamai bayan ƙaramar Salla, cikin zafin Afrilu, na zauna zagaye na biyu na samu 11. Kuɗin mota sau biyu, da kwana uku da na roƙi abokin aiki ya riƙe mini aji.

Wanda ba ya aiki, ko wanda ya fito daga Bak C, fannin lissafi, bara-bara hannunsa da ɗumi, zai iya haɗa su, kuma zai ji daɗin yadda ɗaya ke haska ɗaya. Mai aji da iyali irina, in har zai haɗa, ya nemi PDF ɗin Aljebra tun kafin a buɗe zango ya cinye babin farko, sannan ya ɗauki alƙalami ya ƙirga awoyinsa na gaskiya, ba na buri ba. In ba su kai ashirin a sati ba, ya fara da Aljebra kaɗai. Kayan karatun sun cancanci kuɗinsu. Kulawar malamai da jerin satuttukan ne ba su kai ba, kuma na rubuta musu hakan a takardar jin ra'ayi ta ƙarshen zango.

Bana darasi ɗaya na ɗauka, Aljebra 2. Littafin yana wurin mai fotokopi, ya ce in dawo bayan la'asar in wuta ta dawo.