Shekara huɗu ina lodi da Hilux: abin da na gani

A farkon daminar 2021 na sayi motar nan, Toyota Hilux ƙirar 2012, ta hannu, mai ƙofa huɗu, mai shan fetur. Masara da waken suya nake nomawa a ƙasar Lere, ina kuma bin ƙauyuka in sayi hatsi in kawo kasuwar Saminaka, inda manyan motoci ke kwasa zuwa kasuwar Dawanau ta Kano da Kudu. Kafin in mallake ta haya nake yi, kuma duk wanda ya taɓa tara masara a gona hadari na haɗuwa, direban da ya yi masa alkawari bai zo ba, ya san abin da ya kai ni sayen a-kori-kura.

Abin da na fara dubawa ranar ciniki shi ne ƙarƙashinta. Na kwanta a ƙasa ni da bakanikena, muka bi shasi da fitila muna neman walda ko tsatsa, muka ƙirga ganyen safirin na baya. Fenti da kujeru sai daga baya. Mai sayarwa yana ta nuna min rediyo, bakanike ya ce, "Alhaji, bar rediyo, zo ka ga bayan nan." Gaskiyarsa, domin bayan ne ke ciyar da ni.

Kimanin tan ɗaya aka ƙera ta ta ɗauka, wato buhun masara 10 mai kilo 100, ko buhun taki 20 mai kilo 50, kuma nauyin mutanen da ke ciki ma yana cikin lissafin. Na san masu ɗora mata buhu 15 su ce ai ta saba. Za ta tafi, ba musu. Amma safirin ne ke biya, da kulochi, da birki ranar da ka zo gangara. Ni dai na tsaya a kan buhu 10, in ya fi haka in yi sawu biyu, kuma har yau ganyen safirin ɗaya bai karye min ba. Ƙarfin safirin nan yana da nasa farashi: idan babu kaya, bayan motar yana tsalle a gargada, wanda ya zauna a kujerar baya zai ji a ƙugunsa. Haka duk motar kaya take. Da zarar an jefa mata buhu uku ko huɗu sai ta natsu.

Inda ta shiga raina shi ne watan Agusta. Akwai wata fadama tsakanin gonata da titi, idan ruwa ya zauna ƙasar takan koma kamar kunu. Motar tana da ƙaramin giya a gefen babban, wanda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. A kwalta tayoyin baya kawai ke aiki, a laka ka mayar da shi huɗu, in abin ya yi tsanani ka sa shi a mai ƙarfi, mota ta riƙa tafiya a hankali kamar saniyar huɗa. Da hannu ake tura shi, kana jin shigarsa a tafin hannunka, kuma wannan ya fi kwanta min a rai fiye da maɓallin da ake dannawa a sababbin motoci. Sau da yawa na tsallaka fadamar nan da taki a lokacin da ya kamata a zuba shi. Manomi ya san idan takin masara ya makara da mako biyu, a kaka zai ga sakamakon. Shawara ɗaya ga sabon shiga: da ka hau busasshiyar kwalta ka mayar da giyar nan biyu, barin sa a huɗu yana wahalar da ƙarafan ƙasa.

Injinta mai lita 2.7 ne, ba shi da gaggawa, ba shi kuma da rigima. Baƙin mai a kan lokaci, matatar iska a riƙa kaɗe ta saboda ƙurar hunturu, ruwan lagireto a duba kowace safiya, shi ke nan. Mai kuwa tana sha daidai nauyin da take ja. Da lodi, lita ɗaya ba ta cika kai ni fiye da kilomita 8 ba. Da ba na damuwa, amma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kowace fita sai na yi lissafi. Yanzu ba na tafiya wayam: in zan ɗauko hatsi, sai in tafi da taki ko siminti ko kayan wani mai shago a ƙauyen, kuɗin ya rage min na mai. Masu injin gas, wato dizal, sun fi ni tsimi da ƙarfin ja, sai dai sabbin injinan gas ba sa yafe gurɓataccen mai, kuma a ƙauye ba kullum ka san abin da ke cikin jarka ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, wanda dillalai ba sa faɗa, shi ne gyara. Motar aiki dole wata rana ta tsaya, tambayar ita ce a ina, kuma wa zai taɓa ta. Tun 1968 ake ƙera Hilux, kuma ta daɗe a ƙasar nan har yaran bakanike sun haddace ta. Kayan gyaranta suna Panteka a Kaduna, suna Ƙofar Ruwa a Kano, sabo da na hannu. Abin da ya sa iyayenmu suka riƙe Fijo a-kori-kura shekara da shekaru ke nan, ko a ƙauyen da ba wuta akwai mai kwance ta ya ɗaura. Abin lura dai shi ne jabu. Na taɓa sayen takalmin birki a wani shago saboda araha, bai yi wata biyu ba ya fara kuka, ya kusa cinye min faifan. Tun daga nan da bakanike nake zuwa saye, in biya na gaske ko da ya ninka kuɗi.

Na shiga sababbin motocin kaya na zamani, masu allo kamar talabijin da kujerun fata. Suna da daɗin zama, ba shakka. Amma ni da nake shiga da taɓo har gwiwa, shimfiɗar roba da zan wanke da bokiti ta fi min amfani, da ƙugiyoyin ɗaure igiya masu ƙwari a gefen bodi, da taya ta biyar wadda ta kai sauran girma, da sanyin cikin mota da zai yi aiki a watan Afrilu. Duk na'urar da sai an kai birni an jona kwamfuta kafin a gane ciwonta, kwana biyu ne na aikina ya tafi.

Da zan sake zaɓe, mai ƙofa biyu zan ɗauka. Na zaɓi mai huɗu ne don iyali da 'yan ƙwadago, kuma ta yi wannan aikin, har mara lafiya mun kai asibiti da ita cikin dare ba sau ɗaya ba. Sai dai kujerun baya sun cinye wuri: tsawon bodinta kimanin mita ɗaya da rabi ne, na mai ƙofa biyu kuwa ya haura mita 2. Buhu 10 sai an ɗora wani kan wani an ja igiya sosai, kwanon rufi ko katako kuma dole su leƙo waje. Na riga na gaya wa bakanikena ya sa min ido, in bana masara ta yi kuɗi zan ƙara mai ƙofa biyu, da giyar hannu, ta tsaya a kan lodi kawai. Wannan kuwa ba zan sayar ba, ƙanena ne zai riƙa tuƙa ta.