Kafin ka zuba kuɗinka a gem ɗin tseren mota, fara duba ko akwai mutane a ciki

Ranar Asabar na shiga Farm Centre canza gilashin waya sai ƙanin wani abokina ya tare ni, ya ce yaya don Allah wane gem ɗin tseren mota zan saya, na tara kuɗi har da na sitiyari, ni so nake na dinga karawa da mutane a intanet, na gaji da tsere da kwamfuta. Na ce masa mu samu benci mu zauna tukunna don wannan ba amsar tsaye ba ce. Abin da na gaya masa shi zan rubuta a nan, saboda na san akwai irinsa da yawa a garin nan, kuma kuɗin ba ƙanana ba ne.

Ni kaina na taɓa sayen wani gem, ba sai na kama suna ba, watan farko duk ɗakin da ka shiga, wato inda 'yan tsere ke haɗuwa a intanet, maƙil yake da mutane. Bayan kamar wata huɗu, wani dare bayan isha'i na tada inji na zuba mai na zauna, na fi minti ashirin ina kallon allo, mu uku ne kacal a ɗakin, kafin a tashi ɗaya ya fita, ɗayan kuma a kwanar farko ya dake ni ta baya shi ma ya fice. Na ƙarasa zagaye biyar ni kaɗai a kan titi inji na ta shan mai. Abin ya min ciwo sosai wallahi, don gem ɗin yana da kyau, motocin kamar ka taɓa, mutanen ne kawai babu.

To me yake korar mutanen? Ka ga gem ɗin ƙwallo da ake bugawa a gidajen gem na unguwa mutum biyu kawai yake buƙata, in an ci ka ɗaya kana iya ramawa, in ma an lallasa ka minti goma an gama a sake sabo. Tsere ba haka yake ba. Kafin ya yi daɗi sai an samu mutum goma sha biyar ko ashirin, masu gudu kusan ɗaya, a mota iri ɗaya, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya. Gem mai motoci ɗaruruwa da filaye da yawa sai ya raba jama'ar gida-gida, wannan yana son Ferrari a Monza wancan yana son tsohuwar mota a filin Nurburgring na Jamus, wani kuma bai sayi filin da aka saka ba saboda daban ake sayar da shi. Ɗaki in ya zama mutum uku, duk wanda ya leƙo juyawa zai yi, shi ma na bayansa haka, a haka gem yake mutuwa tun kamfanin bai kashe shi ba.

Sai maganar kwanar farko, wadda a ganina ita ce babbar cutar. Duk wanda ya taɓa tsere a Monza ta Italiya ya san wurin, doguwar miƙaƙƙiyar hanya kowa ya take totur har ƙasa, sai ga wata matsattsiyar kwana dama da hagu wadda sai ka taka birki kamar za ka tsaya. Mutum ɗaya ya makara da birki ya kwashe mota shida. Kai da ka ɓata sati kana koyon filin, ka saita motarka, ka samu layi na huɗu, cikin daƙiƙa ashirin an gama da kai, sauran minti ashirin ɗin kana can baya da karyayyar mota. Sabon shiga in aka yi masa haka sau uku ba ya dawowa. Gwanaye kuma sai su tattara su koma ɗakunansu masu mukulli, a bar buɗaɗɗun ɗakuna hannun masu tuƙin ganganci. Ga kuma tazarar iyawa, wanda ya fi ka da daƙiƙa biyu a kowane zagaye, bayan zagaye goma ko ƙurarsa ba za ka gani ba, sai ka tarar sunan tsere ne da mutane amma kai kaɗai kake tafiya.

Mu kuma a Kano muna da namu ƙarin. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku galibi a Legas suke sauka, yawancin waɗanda za ka kara da su kuma Turai suke, saƙonka sai ya yi doguwar tafiya ya dawo. Motar da take gudun kilomita 200 a awa tana cin kusan mita 55 a daƙiƙa ɗaya, kenan jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya kai mita 11, ya fi tsawon mota biyu. Gem ɗin yana ƙoƙarin hasashen inda kake, a miƙaƙƙiyar hanya babu matsala, amma wajen birki sai ka ga an ce ka daki mutum alhali a allonka da sauran rata. Ƙara da ɗauke wuta ana tsakiyar tsere, wanda gem bai san uzuri ba ne, makinka kawai zai zaftare. Abu ɗaya da ya yi mana daɗi shi ne agogo, lokacinmu ɗaya da tsakiyar Turai a watannin sanyinsu, da zafinsu kuma awa ɗaya suke gabanmu, don haka bayan isha'i daidai lokacin da ɗakunan suke cika ne. Da safe ko da azahar kada ka yi wa gem hukunci.

Don haka ni ma'aunina biyu ne, shin gem ɗin yana tara mutane wuri ɗaya, kuma yana hukunta mai ganganci?

Gran Turismo 7 shi na fara ambata wa yaron saboda PS4 gare shi. Ya fito a watan Maris na 2022 a PS4 da PS5, kuma masu na'urorin biyu suna haɗuwa a tsere ɗaya. Dabarar da suka yi ita ce tsere uku kawai suke sakawa a ɓangaren gasa, A da B da C, ana canza su duk sati, to duk duniya nan ake turmutsutsu, shi ya sa da wuya ka rasa abokan karawa da daddare. Suna ba ka maki iri biyu, DR na saurinka da SR na ladabinka a titi, kuma da su ake haɗa ka da sa'anninka. Ba zan ce hukuncinsa kullum daidai yake ba, kuma a ƙananan matakai akwai masu duka sosai, sai ka daure ka yi tsere da dama ba ka taɓa kowa ba ko da na goma za ka zo, SR ɗinka ya hau, daga nan za ka fara haɗuwa da masu hankali. Babban abin da ya sa nake son shi ga mai farawa, yana tuƙuwa lafiya lau da hannun gem, ba dole sai da sitiyari ba. Amma ka sa a lissafi sai da PS Plus, wato rajistar PlayStation da ake biyan kuɗinta, za ka yi gasa a intanet, kuma ko kai kaɗai za ka buga yawancin sassansa suna neman intanet. Yawancinmu asusun Amurka ko Ingila muke buɗewa mu sayi katin kuɗi, to ka tabbata katin na ƙasar asusunka ne kafin ka biya.

A nan zan ja kunne. In ka shiga Beirut Road ko Sabon Gari za ka iya ganin faifan Gran Turismo Sport na 2017 da araha, kada ka ɗauka shi ne. An rufe ɓangaren intanet ɗinsa tun ƙarshen Janairun 2024. Driveclub ma tun Maris na 2020 aka rufe nasa. Mai shago ba lallai ya sani ba, shi faifai yake sayarwa, kuma faifan zai tashi, mutane ne ba za ka samu ba.

In kwamfuta gare ka mai ƙarfi, maganar ta koma tsakanin iRacing da Assetto Corsa Competizione.

iRacing tun 2008 yake, kuma har yau in ana maganar tsere mai tsari a intanet shi ake fara kira, har Max Verstappen, shahararren direban tseren F1, yana tsere a ciki. Dalilin da ya riƙe mutanensa a fili yake. Da sunanka na gaskiya kake shiga. Kana farawa daga matakin 'yan koyo da ƙaramar Mazda MX-5, sai ka nuna ladabi za a ɗaga ka zuwa lasisin D, C, B har A. Duk fita daga titi maki ɗaya ne a kanka, juyewar mota biyu, karo mai ƙarfi da wata mota huɗu, kuma ku biyun ake rubuta wa ba ruwansu da waye mai laifi, wannan yana ƙona rai amma shi yake sa kowa ya dinga kaffa-kaffa. Wanda ya dake ka da gangan kana iya kai ƙararsa da bidiyo mutane su duba. In mutum ɗari suka yi rajistar tsere ɗaya sai a kasa su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu. Duk wannan gaskiya ne, amma kuɗin fa. Biya ne na wata ko na shekara, sannan bayan 'yan motoci da filayen da ake ba ka da farko, kowace mota kusan dala 12 ce, fili kuma tsakanin 12 zuwa 15, kuma ranar da ka daina biyan na wata duk abin da ka saya ya kulle sai ka dawo. Ka juya wannan zuwa naira ka gani. Ni ba na ba kowa shawararsa sai mai sola ko inbata mai riƙewa, da intanet tsayayye, da sitiyari, da hanyar samun dala. In ɗaya ya ɓace a cikin huɗun nan takaici za ka saya da tsada.

Competizione na kamfanin Kunos ne na Italiya, ya fito 2019, sau ɗaya za ka saya kuma Steam, shagon gem na intanet, na yawan karya farashinsa. Ya fi karkata kan rukuni ɗaya na motocin tsere da ake kira GT3, wannan ƙuncin kuwa alheri ne don bai warwatsa mutane ba. Matsalarsa buɗaɗɗun ɗakunan, kusan kullum Monza ne da filin Spa na Beljiyam, kuma nan ne kwanar farko take cin mutane. Abin da ya raya shi a kwamfuta wani dandali ne na waje, Low Fuel Motorsport, da masu son gem ɗin suka gina, sai ka ci gwajin gudu kafin su karɓe ka, sannan su dinga shirya tsere a kan jadawali da maki irin na iRacing. Sai dai in jadawalin ya zo kan filin da ake saya daban dole ka saya ko ka jira. Ga mai kwamfuta da aljihu matsakaici nan zan tura shi. Kuma ka sani masu kwamfuta daban suke, ba sa haɗuwa da masu PlayStation da Xbox a wannan gem ɗin.

Tsohon Assetto Corsa na 2014 araha ne sosai kuma har yanzu da jama'a, amma yawanci yawo ake a manyan titunan Tokyo da aka ƙara masa ana ratsa motoci, daɗi kam akwai, tsere mai doka ne sai ka nema. Gem ɗin F1 na EA kusan duk shekara sabo yake fita, jama'a su kwashe su koma can, wanda ka saya bara ya zama kango, sai in kana da ƙungiyar da kuke yi tare. Forza Motorsport na 2023 in kana da Xbox da rajistar Game Pass ta biyan wata-wata gwada shi kafin ka saya. Le Mans Ultimate yana da tsarin tsere na kullum mai maki, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi.

Sitiyari kuma, na ce wa yaron ya dakata. Logitech G29 na PlayStation da kwamfuta ne, G920 na Xbox da kwamfuta, sun yi kama sosai, mutane na saye su kai gida ya ƙi yi. In na hannu za ka saya a jona maka a gabanka, ka ga ya juya kansa dama da hagu ya tsaya a tsakiya, ka taka totur da birki a hankali kana kallon allo ko layin yana rawa, don ƙurar hunturun garin nan tana shiga cikin fedar ta lalata shi, kuma ka tabbata da cajarsa ta asali. Amma kafin sitiyari, kuɗin ya fara tafiya kan ƙaramin batirin da zai riƙe na'urar intanet da gem ɗin ko na rabin awa ne in an ɗauke wuta, da wayar da za ka jona kai tsaye maimakon wayafai. Na ga bambancin wannan da idona, tsalle-tsallen da motoci suke yi a allo ya ragu sosai.

Daga ƙarshe yaron Gran Turismo 7 ya saya da PS Plus na wata uku, sauran kuɗin ya sayi batir. Na kuma saka shi a wani ɗan gurup ɗinmu na WhatsApp, mu bakwai ne yanzu, daga Hotoro, Tarauni, Gwale da mutum ɗaya a Zariya, duk daren Juma'a ƙarfe tara muke buɗe ɗakinmu, dokar ɗaya ce, in ka daki mutum ka tsaya ka jira shi ya wuce. Satin da ya wuce ya zo na biyar da hannun gem, bai taɓa kowa ba, washegari da sassafe ya turo saƙo yana tambaya wane fili za a saka wannan satin don ya fara koyo.