Gargaɗi ga masu motar dizal: akwai wani mai sayar da turbo na jabu a Facebook

Salam jama'a, dan Allah duk mai Hilux ko L200 ko wata ƙaramar motar gas da yake shiga daji da ita ya tsaya ya karanta wannan, ni dai an riga an ci kuɗina.

Motata tsohuwar Hilux ce mai injin 2KD, lita 2.5, da ita nake kai taki gona kuma hanyar tamu rairayi ne da rani, da damina kuma taɓo. Turbon ta, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ya yi ƙarfi, ya fara kuka yana shan baƙin mai, sai na ce toh tunda za a canza bari in nemi wanda yake kamawa da wuri, don a cikin yashi abin da kake so shi ne mota ta ja tun injin yana juyi 1,500 zuwa 2,000 a minti, in sai ka take totur ya kai 3,000 kafin ƙarfi ya zo to taya ta riga ta haƙa wa kanta rami.

Ina cikin nema na ci karo da wani shafi, hotuna masu kyau, kwalaye a jere, wai turbon kamfanin Garrett ne orijinal sabo dal, yana kamawa nan take kuma yana hawa kowane injin dizal. Kuɗin kusan rabin abin da aka faɗa min a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Muka koma WhatsApp, Alhaji kaza Alhaji kaza, har bidiyo ya turo min yana juya fankar turbon da yatsa. Ko sau ɗaya bai tambaye ni lambar injina ba, a lokacin ban kawo komai a raina ba, araha ta rufe min ido. Ya ce in tura kuɗi duka zai sa a mota, sunan da ke akawun ɗin ma daban da sunan shafin, ya ce na ƙaninsa ne.

Kaya ya iso kuwa. Bakanikena yana buɗe kwalin ya yi shiru, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce Alhaji wannan tsoho ne aka wanke aka fesa masa fenti. Ya nuna min ɗan farantin da ake buga lamba a jiki, ƙusoshin sababbi ne kuma a karkace, wato daga wani wuri aka ciro aka manna. Ya kama shaf ɗin, wato sandar da fankar take kai, ya tura ciki ya jawo waje yana motsi, ya ce ɗan wasa gefe da gefe ana samu saboda sai mai ya shiga yake cike wurin, amma gaba da baya bai kamata ka ji komai ba. Ya kuma ce wannan injin asalinsa turbo samfurin CT16 na Toyota yake zuwa da shi, wannan kuwa bakin salansarsa ma bai zauna ba sai an yi ciko. Ni da taurin kai na ce a ɗaura tunda an riga an biya. Laifina ne wannan, ban ɗora wa kowa ba.

Gaskiya kwana biyun farko ta ja, har na fara cewa bakanike tsoro ne da shi. Ashe dalilin shi ne gidan fankar ɓangaren hayaƙi ƙarami ne sosai, ƙaramin gida dole ya kama da wuri amma da ka hau titi sai ya shaƙe injin, hayaƙi ba ya samun fita, zafi ya taru. Shi ya sa maganar turbo ɗaya na hawa kowane inji ƙarya ce tsagwaronta, ana auna shi ne da girman inji da irin aikin da za a yi. Kuma abin nan yana juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, in ba a daidaita nauyin fankar a na'ura ba kwana kaɗan zai cinye kansa.

Ranar ta tara muna dawowa daga gona sai fito kamar jiniya, sai farin hayaƙi ya turnuƙe baya, injin ya ɗauki ihu shi kaɗai. Na kashe makulli wlh bai mutu ba, ashe baƙin mai ne yake bi ta turbon yana shiga inji, shi yake ƙonawa a madadin gas. Allah ya sa bakaniken yana motar, ya ce sa giya biyar ka danne birki ka saki kuloci, da ƙyar ta mutu. Da muka kwance intakula, wato mai sanyaya iskar da turbo ke turawa, cike take da mai, fankar gaba ta ci jikin gidanta.

Na kira mutumin, ya ce ai bakanikenka ne bai zuba mai a ciki ba kafin ya tayar. A gabana aka zuba, har bututun man sabo muka sa. Na ce to a dawo min da ko rabi ne, ya ce zai yi magana da ogansa, washegari ya yi blokin ɗina. Bayan sati biyu wani abokina ya turo min shafi mai sabon suna, hotunan nan ne dai, har tabarmar da aka jera kwalayen a kai ba a canza ba.

In za ku saya ku ɗauki tsohon naku a hannu ku tafi da bakanike, a haɗa lamba da lamba, a taɓa shaf, a leƙa bakin fankar ko akwai inda ta goga. Na Beljiyam mai lafiya da ka gani da idonka ya fi min sabon kwali na waya, shi na sa yanzu ma. Na kai wa banki ƙorafi da rasit ɗin tiransifa da hotunan hirarmu, sun ce in jira. Wanda ya ga shafin da ke cewa turbonsa na hawa kowane inji ya taimaka ya yi rifot ɗinsa, har jiya yana nan yana sa sababbin hotuna.